Beben Harsashi

Umara maharbi ba duba harsashi yake yi ba, saurarensa yake yi. Sai ya zaro ɗaya daga burgami, jakarsa ta fata, ya kai kunne, ya kaɗa. Da hannunsa yake ɗura su, a tsofaffin kwanso da suka sha jiki har rubutun bayansu ya goge, saboda haka ido ba shi da abin da zai gaya masa. Wanda ya ce sas-sas kamar tsaba a ƙwarya, shi yake kira mai gero, na yanyawa ɓarauniyar kaji da agwagin fadama, ba ya lalata fata. Wanda ya ce ƙas-ƙas shi ne mai wake, na barewa da gada, yana kayar da su ya bar musu sauran numfashi har mutum ya iso da wuƙa ya yi bisimilla. Sai kuma wanda ko kwana ka yi kana kaɗa shi ba zai ce maka uffan ba. Wannan shi ne bebe, dunƙulen dalma guda ɗaya tak, kuma dabba ɗaya ake ɗura shi dominta: gyado, aladen dajin nan mai haure, wanda ba a cin namansa, ba a kuma samun damar harbinsa sau biyu.

A duk ƙauyen nan na gefen Auyo, bayan Umara, rai ɗaya ne ya san waɗannan muryoyin, shi ne Barsu, karensa. Ko barcin mutuwa Barsu yake yi a gindin rumbu, da an kaɗa harsashi sai ka ga kunne ya miƙe, jela ta fara share ƙasa, kafin ka ce me ya riga ya tsaya a bakin ƙofa yana waiwaye.

To, karen ma ba na Umara ba ne tun asali. Na Khalid ne, ɗansa na fari, wanda ya tsinto shi ɗan kwikwiyo a kasuwar Haɗejiya ya kawo shi gida cikin aljihun riga. Umara kuwa irin mutanen da ne, ba ya kama sunan ɗan fari. Tun da aka raɗa wa yaron suna, kalmar ba ta taɓa fita daga bakinsa ba. Da yana ƙarami "kai" ne, da ya girma ya zama "mai karen nan". In ya so sanin ko ɗansa ya ci abinci, sai ya ce, "An ba karen nan tuwo kuwa?" In yaron ya daɗe a fadama hankalinsa ya tashi, sai ya hau faɗa wai ana yawo da kare a rana. Kowa a gidan ya gane yaren, har shi Khalid ɗin, wanda yakan yi murmushi ya ce, "Baba, karen lafiyarsa ƙalau." Ana nan wata damina zazzaɓi ya kwantar da Khalid, aka ɗora shi a babur za a kai shi asibiti, bai kai ba. Ya bar matarsa, Bushira, da 'ya'ya ƙanana, da gonar shinkafa a bakin ruwa, da kare.

Wallahi Umara bai yi hawaye a gaban kowa ba. Amma tun daga ranar, naman miyarsa na Barsu ne. Mutane har suna tsegumi, wai dattijo mai sallah a sahun gaba ya mai da kare ɗan ɗaki. Ya ji, ya ci gaba da abinsa. Da Barsu ya tsufa, gemunsa ya yi fari, ƙafar baya ta fara ja, sai Umara ya yanke hukunci ya kuma faɗa a tsakar gida kowa ya ji: karen nan ya gama farauta, a gindin rumbu zai mutu in lokacinsa ya yi, ba a daji ba.

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya yi ɓarna. Kogi ya tumbatsa ya shigo gari, katangar ɗakin Umara ta zauna, burgamin da ke rataye a jikinta ya kwana cikin ruwa. Da aka samu rana ya baza harsasan a tabarma suka bushe, ya gwada ɗaya a bayan gari, ya tashi daram, ya ce alhamdulillahi ya mayar da sauran. Geron tudu ya tafi, dawa ta ruɓe a tsaye. Abin da ya tsira wa gidan shi ne shinkafar Bushira, wadda ta dasa da hannunta bayan ruwa ya ja baya, goyo a baya, taɓo har gwiwa.

Shinkafar ta yi kyau kuwa, har ta fara sunkuyar da kai. Sai ga gyado.

Wata safiya Bushira ta zo ƙofar rumfar da Umara yake kwana tun faɗuwar ɗakinsa, ta durƙusa daga nesa, ta gaishe shi. Ta ajiye damin karan shinkafa a gabansa, duk a tattake, saiwa a sama.

"Baba, ya sake shiga. Ɓangaren gabas duk ya kwantar da shi."

"Ba kin ce an kafa gwangwanaye ba?"

"An kafa. An yi hayaƙi, an yi ihu. Ko a jikinsa." Ta ja bakin mayafi. "In ya ƙara mako yana shiga, Baba, ban san abin da zan sa a tukunya ba bana."

Ba ta roƙe shi komai ba. Ko kallon inda Barsu yake kwance ba ta yi ba, kuma ƙin kallon nan ya fi roƙo ciwo, domin ta san abin da shi ma ya sani. Gyadon a wani tudu yake kwana, tsakiyar kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan da ta fi mutum tsayi ta kuma cushe kamar zana. Mutum ba ya shiga ya fito da shi. Sai kare.

Umara ya fara yawon aron kare. Wanda ya je wa na farko ya ce nasa na gadi ne. Na biyu ya ba shi wani saurayin kare mai ƙiba, aka kai shi bakin kacalla, yana shaƙar warin gyado ya sa jela a tsakanin ƙafafu, sai gida. Da Zarami ya ji labari, dariya ya yi ta yi har da riƙe ciki. Zarami masunci ne, taubashin Umara, ɗan ƙanwar ubansa, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Kai dai bawana ka lalace," in ji Zarami. "Maharbi guda yana bin gida gida aron kare, ga nasa can yana cin tsoka kamar ango."

"Rufe mini baki, mai ƙarnin kifi. Ni na ce ya gama."

"Ya gama, to. Jikokinka su ci me? Alkawarin da ka yi wa kare?"

Wannan ba wasa ba ce, kuma dukansu sun san haka. Umara ya tashi ya bar masa wurin ba sallama. Ya wuni bai ci abin kirki ba. Tsoro yake ji, tsoro ƙarara, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ƙuruciya da yake bin sawun kura. Barsu na da can in gyado ya taso yakan goce kamar iska. Barsu na yanzu ba zai goce ba. Idan harbin farko bai kashe ba, karen ba zai dawo gida ba, lissafin ke nan, babu wani.

Da la'asar ya shimfiɗa buzu ya zazzage burgami. Yana kaɗa na farko, sas-sas, Barsu ya miƙe daga gindin rumbu, ya taho yana jan ƙafa, jela na kaɗawa kamar wanda aka yi wa albishir.

"Koma ka kwanta, tsoho," in ji Umara. Ina! Karen ya zauna a gabansa ya kafe shi da ido.

Ya ware masu gero gefe, masu wake gefe. A saninsa bebe ɗaya ya rage masa tun bara. Ya kaɗa wani, shiru. Ya ajiye. Can ya kaɗa wani kuma, shi ma shiru. Ya sake kaɗawa da ƙarfi, ya sauya kunne, shiru dai. Ya auna su a tafin hannu, nauyi kusan ɗaya. Sai ya ji wani sanyi a ransa, ya ce ashe biyu ne, tsufa ne ya sa ya manta. Har ya ɗauki abin a matsayin alamar sa'a. Kaico, da ma ya ɓare bakin ɗaya ya leƙa. Amma mutumin da kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba tun yana saurayi, me zai kai shi leƙe? Ya sa biyun a aljihun gaba, ya dafa kan karen.

"Sau ɗaya," ya ce masa. "Ka fito mini da shi kawai, ka koma gefe. Sauran aikina ne."

Washegari da hantsi Zarami ya zo ya tura musu kwalekwale. Barsu ya haye gaba ya zauna inda yake zama a zamanin Khalid, hanci a sama. Bushira ta rako su bakin ruwa da ɗan ƙullin ƙanzo, ta miƙa wa surukinta, ta ce na karen ne in an gama. Ta ce Allah ya tsare, ta juya da sauri.

Suka bi ta gefen gonar. Kai, ɓarnar ba ta faɗuwa. Inda gyadon ya yi birgima kamar an yi sussuka, inda ya yi tono kamar an sa garma. Ko Zarami mai baki sai da ya yi salati. Suka kutsa ta wata 'yar hanya da masunta suka sare a cikin kacalla, har kwalekwalen ya daki taɓo. A gaban tudun akwai wani fili da ruwa ya janye ya bari, ga sawu nan sababbi, masu faɗi, sun shiga ciyawa ba su fito ba.

Umara ya duba iska, ya zaɓi wurin tsayawa kusa da wani kututturen giyayya. Bindigarsa mai baki ɗaya ce, tsohuwa, an ɗaure ƙotarta da fata. Ya karya ta, ya sa hannu a aljihu, ya zaro wanda yatsunsa suka fara taɓawa. Ya kaɗa shi a kunne don sabo. Shiru. Ya ɗura, ya rufe.

"Shiga, Barsu."

Karen ya shige kacalla, ciyawa ta rufe bayansa. Suka tsaya suna jin tsuntsaye. Can sai haushi ya tashi, muryar tsufa, a dishe, amma ba tsoro a cikinta. Sai gurnani. Sai kacalla ta fara rawa tana karyewa, abu na tahowa kamar an saki bijimin sa.

Ya fito. Ƙato ne, jikinsa duk busasshen taɓo, haure a murɗe har kusa da ido. Barsu ya yi aikinsa yadda aka ce masa, ya koro shi fili, ya ja gefe yana haki. Umara ya ɗaga bindiga, ya bar shi ya matso, ya matso, har yana ganin ƙudajen fuskarsa. Ya ce bisimilla, ya ja kunama.

Tun kafin hayaƙi ya washe ya san an yi kuskure. Ƙarar ba ta bebe ba ce, kafaɗarsa ma ba ta ji dukan da ta saba ji ba. Fuskar gyadon ta yi ɗige-ɗigen jini kamar an watsa masa tsakuwa, yana nan tsaye a kan ƙafafunsa. Mai gero ne. Ruwan da ya kwana a burgami ne ya shiga ya manne ƙwayoyin wuri ɗaya suka daina motsi, da wuta ta taɓa su suka watse. Harsashin yanyawa ya harbi gyado da shi.

"Umara, gudu!" Zarami ya ƙwalla daga kwalekwale.

Gudu ina, a taɓo, da gwiwoyin tsoho? Gyadon ya sunkuyar da kai ya nufo shi. Umara ya karya bindiga, kwanson ya maƙale. Yana ƙoƙarin ciro shi da farce ya ga abu ja ya gifta ta gabansa. Barsu ne. Bai goce ba, bai ma yi niyyar gocewa ba. Ya kama kunnen gyadon ya rataye. Dabbar ta juya, ta girgiza kai, ta sa haure ta ɗaga shi sama ta yar, ta sake binsa.

Wannan ɗan lokacin ne ya ishi Umara. Kwanson ya fita, na biyun ya shiga. Ya matsa har yana jin warin dabbar, ya saita bayan kafaɗa. A wannan karon bindigar ta yi maganar da ya sani. Gyadon ya durƙusa, ya kife, ya shure sau ɗaya ya bari.

Zarami ya diro cikin ruwa yana kabbara. "Ya faɗi! Wallahi ya faɗi! Shinkafa ta tsira, bawana!" Sai ya ga inda Umara ya nufa, ya bi bayansa.

Barsu na kwance a gefen ruwa. Hauren ya farke shi tun daga haƙarƙari har cinya, abin da ke ciki yana waje, bayansa kuma ya karye, ƙafafun baya ba sa motsi. Amma da ransa. Idonsa biyu, yana numfashi da sauri da sauri, yana wani ɗan kuka siriri da Umara bai taɓa ji daga bakinsa ba. Umara ya durƙusa a taɓo, ya cire rawaninsa yana ƙoƙarin tattara cikin ya ɗaure.

"A kai shi gida," ya ce. "Kawo kwalekwalen nan kusa. Akwai mai duba dabbobi a Haɗejiya, in aka samu babur..."

"Umara."

"Na ce ka kawo kwalekwale!"

Zarami ya kawo. Suka sa hannu za su ɗaga shi, karen ya yi wata ƙara da ta sa dukansu suka sake shi. Zarami ya tsuguna, ya dubi raunin da kyau, ya dubi ɗan'uwansa. Babu tsokana a muryarsa ko kaɗan.

"Ba zai kai bakin gari ba. In kuma ka bar shi, zai iya kai wa yamma a haka. Ka san wannan fiye da ni."

Ya sani. Ya sha yi wa barewa wannan rahamar, ya sha yi wa karnukan wasu maharban. Ya zauna daɓas a cikin taɓon, ya ɗora kan karen a cinyarsa, abin da bai taɓa yi ba saboda tsarki. Ya tsoma hannu a ruwa ya ɗiga masa a baki. Ya kwance ƙullin Bushira ya kai masa ƙanzo, karen ya shinshina, ya lashi yatsunsa, bai ci ba. Baƙin ciki ya cika Umara. Shi ya faɗa a tsakar gida cewa a gindin rumbu zai mutu. Shi kuma ya ce masa sau ɗaya.

"Zarami," ya ce, bai ɗago ba. "Mai gero na yanyawa ne. Mai wake na barewa. Bebe na wancan ne. Wannan fa, wanne ake sa masa?"

Zarami ya juya baya yana share fuska da hannun riga.

Umara ya jawo burgami. Ba ya son wanda zai sake yi masa ƙarya, yana son wanda ruwa bai taɓa ba, wanda zai tashi nan take. Ya zaro ɗaya ya kai kunne ya kaɗa. Bai gamsu ba. Ya zaro wani. Ƙas-ƙas, a bushe, tsaf.

Sai kunnen Barsu ya miƙe.

Jelar ba ta iya motsi, amma karen ya ɗaga kai daga cinyar Umara, ya kafa ƙafafun gaba a taɓo, yana yunƙurin tashi. Idonsa ya yi haske. Ya dubi bindigar, ya dubi kacalla, ya waiwayo ya dubi maigidansa yadda yake yi a bakin ƙofa, yana jira a ce masa a tafi.

Umara ya ɗura harsashin. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ya miƙe ya koma bayan karen inda ba zai ga bakin bindiga ba, ya nuna masa daji da hannun hagu.

"Ga shi can," ya ce, da muryar farauta. "Shiga, Barsu."

Karen ya juya kai wajen kacalla, kunnuwa a tsaye.

Tsuntsayen fadama suka tashi gaba ɗaya, suka yi ta kewaya sama kafin su sauka. Zarami bai juyo ba sai da wurin ya yi tsit. Da ya juyo ya tarar da Umara a durƙushe, bindiga a yashe cikin ruwa, yana lulluɓe karen da rawaninsa, yana gyara gefe da gefe kamar mai rufa wa yaro bargo. Bakinsa na motsi. Zarami ya matso a hankali, yana zaton addu'a ce.

Suna ne, ɗaya tak, yana ta maimaita shi. Zarami ya san Umara tun kafin su fara azumi, yana wurin ranar da aka raɗa sunan, kuma sai yau ya ji shi daga bakinsa.

"Khalid," in ji Umara. "Khalid. Khalid, ka ci abinci kuwa?"